DANDALIN MATASA: Tanis A Lise, Wasan Da Ɗalibi Ke Zama Alƙalin Kansa

  

Maganar da na ɗauko a wannan karo ta shafi wata 'yar taƙaddama ce da kan taso tsakanin uba da ɗansa. Yaro yana lise, sai ya dawo gida ya ce shi da abokansa suna so su kafa ƙungiyar ƙwallon tanis a makaranta, ko kuwa malamin wasanni ya ce zai koya musu, yana neman a ba shi izini. Amsar da yakan samu ba ta wuce uku. Ko dai a ce masa wannan wasan Nasara ne da 'ya'yan minista, mu ina muka ga kuɗinsa. Ko a ce zai hana shi karatu ga jarrabawar bak tana tafe. In kuwa yarinya ce, to ba a ma bari ta kai ƙarshen zancen. Ni kuwa ina roƙon iyaye su saurara kaɗan kafin su yanke hukunci, domin a cikin wannan wasa akwai wata tarbiyya wadda mu Hausawan Cadi muka fi kowa sanin darajarta.

Yadda wasan yake

Bari mu fara da bayanin wasan kansa, tunda da yawa daga cikinmu a talabijin kawai muka taɓa ganinsa. Filin tanis tsawonsa mita 23.77 ne, faɗinsa mita 8.23 idan mutum ɗaya ne ke karawa da ɗaya, in kuwa bibbiyu ne faɗin yakan kai mita 10.97. Raga ta raba shi biyu, tsayinta a tsakiya santimita 91 da 'yan kai. Kowa yana riƙe da raket, aikinsa shi ne ya mayar da ƙwallo ta tsallake raga ta sauka cikin layin abokin karawarsa kafin ta yi tsalle sau biyu a nasa ɓangaren. Lissafin makinsa shi ne ke rikita baƙo: maki na farko 15, na biyu 30, na uku 40, na huɗu kuma an ci wasa ɗaya ke nan. Idan aka yi kunnen doki a 40, abin da 'yan lakwal ke kira egalite, to sai wanda ya jera maki biyu. Wanda ya ci wasa shida da ratar biyu ya ɗauki turmi, wanda kuma ya ɗauki turmi biyu cikin uku shi ne da nasara.

To ina ƙungiya ta shigo a wasan da mutum ke tsayawa shi kaɗai? Ga yadda ake yi. Makaranta takan ware 'yan wasa kamar shida zuwa takwas, su kara a tsakaninsu, a jera su daga na ɗaya zuwa na ƙarshe gwargwadon ƙarfin kowa. Ran da za a haɗu da wata makaranta, na ɗaya ya kara da na ɗaya, na biyu da na biyu, haka har ƙasa, sannan a yi wasan bibbiyu. Kowace karawa maki ɗaya take kawo wa makaranta. Wato nasarar gwanin da kowa ke yi wa tafi da nasarar yaron da ke can ƙarshen jeri nauyinsu ɗaya a ma'auni. Sau da yawa ma gwanaye kan gama da wuri su koma gefe, a bar ƙaramin cikinsu a fili, makomar makaranta duka tana hannunsa.

Haka abin yake har a tsakanin ƙasashe, a gasar Kofin Davis wadda aka fara tun 1900. A shekarar 1991 a birnin Liyon, Faransa ta karɓi baƙuncin Amurka a wasan ƙarshe. Amurkawa sun zo da Andre Agassi da Pete Sampras, ana ganin sun riga sun ɗauki kofi. Shugaban tawagar Faransa, Yannick Noah, sai ya dogara da Henri Leconte wanda bai daɗe da tashi daga aikin tiyatar baya ba, kuma ya yi nisa ƙwarai a jerin gwanayen duniya. Leconte ya kayar da Sampras, sannan shi da Guy Forget suka ci wasan bibbiyu, Forget kuma ya rufe da nasa. Faransa ta ɗauki kofin da rabonta da shi tun 1932. Hannu ɗaya dai ba ya ɗaukar jinka.

Inda amana ta shigo

Yanzu ga gundarin maganata. A ƙwallon ƙafa akwai alƙali da usur, akwai masu tuta a gefe. In yaro ya taɓa ƙwallo da hannu alƙali bai gani ba, sai ya yi shiru, abokansa ma su yaba masa da wayo. A tanis ɗin makarantu da ƙananan gasa kuwa galibi babu alƙali a kan kujera, saboda haka dokar da aka shimfiɗa ita ce kowane ɗan wasa shi ne mai hukunta ƙwallon da ta sauka a nasa ɓangaren. Shi zai ce ta shiga, shi zai ce ta fita. In ta taɓa ko da gefen layi ne, ta shiga. In kuwa bai tabbata ba, dokar ta ce ya ɗauka ta shiga, amfanin shakka na abokin karawarsa ne. Sannan mai bugun farko shi ke faɗin maki da ƙarfi kafin kowane bugu, don kada a yi musu daga baya.

Ka duba nauyin da aka ɗora wa yaro ɗan shekara goma sha shida. An kai maki na ƙarshe, abokansa na gefe suna kiran sunansa, ƙwallo ta sauka ta ɗan lashi layi, babu wanda ya gani sai shi. In ya ce ta fita, makarantarsu ta yi nasara, a ɗauke shi a kafaɗa. In ya faɗi gaskiya, wataƙila a koma gida da kunya. Irin wannan jarrabawa takan zo masa sau da dama a yini guda, kuma babu malamin aji da zai iya shirya masa irinta a kan allo.

Manyan 'yan wasa ma da suke da alƙalai sun bar mana misali. A 1982 a gasar Roland Garros ta birnin Faris, wani saurayi ɗan Suwidin mai shekara 17, Mats Wilander, yana wasan kusa da na ƙarshe da José Luis Clerc na Ajantina. A makin da zai ba shi nasara aka ce ƙwallon Clerc ta fita, alƙali ya bayyana Wilander ya ci. Yaron nan ya je wurin alƙali ya shaida masa cewa ƙwallon ta shiga, ya nemi a sake buga makin. Aka sake, ya ci, ya kuma je ya ɗauki kofin gaba ɗaya. Kada kuma a ce gaskiya kullum tana biya nan take. A 2005 a birnin Rum, Andy Roddick na Amurka saura maki ɗaya ya gama da Fernando Verdasco na Sifen, aka ce bugun Verdasco ya fita. Roddick ya duba sawun ƙwallon a ƙasa, ya nuna wa alƙali cewa ta taɓa layi. Verdasco ya farfaɗo ya cinye wasan, Roddick ya tattara kayansa ya fita daga gasar. Yau shekaru sun shuɗe, an manta da wasanni ɗaruruwa da ya ci, amma ana tuna wannan da ya rasa.

Ya ku iyayena, da me kakanninmu suka zauna a ƙasar nan? Wasu hanyar Makka ce ta biyo da su a ƙafa suka yada zango, wasu fatauci ya kawo su. Ba su zo da sarauta ba, ba su zo da runduna ba. Abin da ya ba su wurin zama a kasuwannin Cadi shi ne an san in Bahaushe ya karɓi kaya bashi zai kawo kuɗin ranar da ya ce, ba tare da an rubuta takarda ba, in kuma ya auna maka mudu to mudu ne. Mu da ba mu da yawa a ƙasa, sunanmu shi ne jarinmu, kuma in ɗaya ya ɓata shi, dukanmu ake yi wa kallon banza. Saboda haka duk wasan da zai saba wa yaro da faɗin gaskiya a lokacin da ƙarya za ta fi yi masa daɗi, ai gadon gidansu yake koya masa, ko da Bature ne ya ƙirƙiro wasan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Bugu da ƙari, a tanis babu canjin ɗan wasa. In an fara, to sai ka gama da ƙafarka, ko kana ci ko ana cinka. Babu mai tsaron gida da za ka ɗora wa laifi, babu wanda za ka ce ya hana ka ƙwallo. Yaron da ya saba da wannan, ran da ya zauna gaban takardar bak shi kaɗai ba zai ji abin baƙo ba.

Akwai kuma wata fa'ida ta wasan bibbiyu. Malami ba ya haɗa yara don ƙabilarsu ɗaya, yana duba wanda hannunsa ya dace da na wani ne. Sai ka ga ɗan Hausa an haɗa shi da ɗan Sara ko Gorane ko Kanembu ko Balarabe, ɗaya a bakin raga ɗaya a baya, suna raɗa da Larabcin Cadi ko Faransanci kafin kowane bugu. In abokinka ya zubar da maki, ba ka da zaɓi sai ka taɓa hannunsa ku ci gaba. 'Ya'yanmu da yawa daga lakwal sai gida sai rumfar kasuwa, abokansu duk 'yan gida ne. Alhali kuwa gobe da waɗancan yaran za su yi aiki a ofis da asibiti da kotu, sabon da aka yi a fili kuwa ya fi wanda ake nema ranar da buƙata ta taso.

Batun kuɗi

Gaskiya ne filayen tanis a Njamena ba su da yawa, waɗanda ake da su kuma galibi suna can cikin gari a otal-otal da wuraren shaƙatawar masu hali, Lamaji kuwa tana nan bakin gari ta arewa, kuɗin kilando zuwa da dawowa kaɗai ya ishi uba tunani. Raket sabo da ƙwallaye ma ba su da araha. Amma mu duba inda gwanayen wasan nan 'yan asalin Afirka suka fito.

Yannick Noah da na ambata, a Yawunde ya tashi, nan maƙwabtanmu. A 1971 Arthur Ashe, baƙar fatan Amurka wanda daga baya ya ci Wimbledon a 1975, ya zo rangadi Kamaru ya ga yaron yana da shekara 11, ya yi magana da hukumar tanis ta Faransa aka ɗauke shi zuwa birnin Nis. A 1983 Noah ya ci Roland Garros, a hannun Wilander ɗin nan kuwa. A shekarar dai ta 1983 Nduka Odizor na Nijeriya, wanda ya fara da tsintar wa masu kuɗi ƙwallo a kulob ɗin Ikoyi a Legas, ya kayar da Guillermo Vilas a Wimbledon har ya kai zagaye na huɗu. Frances Tiafoe, wanda ya fitar da Rafael Nadal daga gasar US Open a 2022, iyayensa 'yan Saliyo ne da suka yi ƙaura zuwa Amurka, mahaifinsa kuma mai kula da shara da gyare-gyare ne a wata cibiyar tanis a jihar Maryland, a nan yaron yake kwana wani lokaci. Babu ɗan minista a cikinsu. A ƙasar Hausa ma wasan ba baƙo ba ne, domin an daɗe ana gudanar da gasar Dala a Kano, wadda 'yan wasa ke zuwa daga sassan Nijeriya.

Abin da ake buƙata don farawa bai kai yadda ake zato ba. Na farko bango. Duk katangar makaranta mai santsi, in aka ja mata layi da fenti a tsayin santimita 91, ta zama abokin karawa wanda ba ya gajiya. Björn Borg na Suwidin, wanda ya ci Wimbledon sau biyar a jere, a ƙofar garejin gidansu ya koyi bugu. Na biyu fili. Filin ƙwallon hannu mai mita 40 da 20 yana ɗaukar cikakken filin tanis har da wurin ja da baya. Filin ƙwallon raga kuma tsawonsa mita 18 ne, daidai da tsawon matsakaicin filin da hukumar tanis ta duniya ta tsara wa masu koyo. Tun 2007 hukumar take yaɗa wasu ƙwallaye masu laushi, ja da ruwan lemo da kore, waɗanda ba su da gudu kamar ta manya, don mai koyo ya samu damar mayar da bugu tun ranar farko. In babu siminti, ƙasa mai tauri da aka share, aka yayyafa mata ruwa aka daddaɓe, ta wadatar. Ai filayen Roland Garros ma garin jan bulo ne a samansu. Raket kuwa na hannu ya isa, kuma guda huɗu za su iya ɗaukar yara goma sha biyu in ana karɓa-karɓa. Da babu gara ba daɗi.

Batun karatu da zafi

Uban da ke tsoron kada wasa ya cinye karatu yana da hujja, kuma bai kamata a raina ta ba. Maganinta sharaɗi ne tun farko, a gaban malami: duk wanda makinsa na aji ya faɗi ƙasa da 10 bisa 20, ya ajiye raket sai ya gyara. Atisaye kwana biyu ko uku a mako, bayan la'asar, a tashi kafin magariba. Ɗan tarminal kuma a sauƙaƙa masa in jarrabawa ta matso. Yanayin garinmu ma ya riga ya raba mana lokaci. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin sanyi, shi ne na gasa. A watan Maris da Afrilu da Mayu, da zafi kan haura digiri 40, kada a kuskura a sa yara a fili da rana tsaka, sai da sassafe ko gab da faɗuwar rana, da ruwan sha a gefe, a kuma sha a duk lokacin da aka sauya ɓangare. In azumi ya zo a dakata. Damina kuma, da laka ke mamaye unguwa, ta faɗo ne a cikin dogon hutu.

Kada kuma mu ruɗi yara. Cikin dubban da ke buga tanis, ƙalilan ne ke cin abinci da shi. Wanda ya shiga don ya zama Noah na biyu, ya watsar da littafi, ya yi asara biyu. Ribar da muke nema ita ce lafiyar jiki, da haƙuri, da riƙon amana, in kuma Allah Ya sa wani ya yi fice, to wannan ƙari ne.

'Yan mata fa?

Cikin wasannin makaranta, tanis yana daga waɗanda suka fi dacewa da 'ya'yanmu mata. Babu gogayyar jiki, raga ce tsakanin mutum da abokin karawarsa. Dokokin buga wasan kuma ba su ɗora wa kowa gajeren tufafi ba, yarinya za ta iya bugawa da dogon wando da riga mai hannu da ɗankwalinta, a ware musu ranarsu da malama ko wata uwa mai sa ido. Ons Jabeur, Musulma 'yar Tunisiya, tana ƙarama a filayen otal take atisaye saboda ƙungiyarsu ba ta da fili, tana da shekara 12 ta koma lise ɗin wasanni na El Menzah a birnin Tunis, ta kuma kai wasan ƙarshe na Wimbledon a 2022 da 2023. Angella Okutoyi ta Kenya marainiya ce, kakarta ta rene ta, a filin wata makaranta a Nairobi ta fara riƙe raket. A 2022 ta ci kofin 'yan mata na bibbiyu a Wimbledon, daga nan ta samu gurbin karatu a jami'ar Auburn ta Amurka. Yarinyar da muka yarda ta tsaya a rana tana talla, me zai hana mu yarda ta tsaya awa ɗaya a cikin katangar makaranta tana motsa jiki?

Kira ga iyaye

Ina kira ga 'yan'uwanmu da ke cikin ƙungiyoyin iyayen ɗalibai su ɗauki maganar nan zuwa taro na gaba. A nemi shugaban makaranta ya ba da bango ɗaya da fili ɗaya. Alhazanmu masu zuwa Kano da Dubai sayen kaya, kowa ya saƙa raket ɗaya na hannu da gwangwanin ƙwallo a cikin kayansa ya ba makarantar unguwa. Magina da masu fenti a cikinmu su ba da yini guda. Makarantu biyu kawai in suka fara, an samu gasa. Uba kuma ran da ɗansa zai yi wasa, ya daure ya rufe rumfa na awa ɗaya ya je ya zauna a gefe. In sun dawo gida, kafin ya tambaye shi ko ya ci, ya fara tambayarsa ko ya faɗi gaskiya a kan layi.

Masu ra'ayi a kan wannan batu, ko na goyon baya ko na suka, su aiko da wasiƙunsu ta ofishin mujalla, za mu buga su a wannan shafi.